Darasin masu jita: yadda ƙungiya ke naɗar kundi ta fitar da shi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasin yau na masu jita ne, jitar lantarki nake nufi, wadda ake jona wa amfilifaya. Saƙonnin da kuke ta aiko mini kusan bakinsu ɗaya: muna da ƙungiya, muna kiɗa a gidan biki jama'a na rawa har dare ya raba, amma da mun shiga situdiyo sai abin ya fito lami, kamar miya ba gishiri. To yau a kan wannan za mu zauna. Ga ƙanena nan kusa da ni da jitarsa, in muka zo wurin da baki ba zai iya bayani ba, sai ya kaɗa mana.

Bari in ɗauko misali daga gida, kada wani ya ce labarin Turawa nake kawowa. Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga jihar Tawa a Nijar, bahago, wanda jitarsa ta fari da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin muryar nan ta kwamfuta mai karkarwa da ta cika waƙoƙin finafinan Hausa a lokacin. Babu kamfanin da ya fitar da shi a wancan lokaci. Daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta memori da bulutut, har wata waƙa daga ciki ta faɗa kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, shi kuwa ya tashi neman mai ita. Sai a 2019 aka samu kundinsa na situdiyo da cikakkiyar ƙungiya, Ilana, wanda aka naɗa a Detroit. Daga baya ƙungiyar ta tsaya a kan mutum huɗu: shi kansa, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu mai riƙe kiɗa, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Mikey Coltun a bes, wanda kuma shi ke kula da naɗin.

Abin da ya sa na ɗauko su shi ne kundinsu na 2024, Funeral for Justice. Waƙa tara ce a ciki. Kwana biyar suka yi suna naɗarta, a wani gida da kusan babu kaya a cikinsa, a ƙauyen jihar New York. Kwana biyar! Wani zai ji haka ya ce ashe abin ba wuya. A'a, ɗan'uwa. Kafin kwana biyar ɗin nan sun shafe kusan shekara biyu suna yawon kiɗa ƙasa-ƙasa, dare bayan dare, har mai ganga ya san inda mai jita zai juya tun kafin ya juya. Aikin ya riga ya nuna, situdiyo kwashewa kawai ta yi. Ku da ke kiɗan biki kowane mako, irin wannan jarin kuna da shi. Matsalar ita ce da kun shiga situdiyo sai ku ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmanku.

Ga yadda ake ajiye shin. Yawancin situdiyoyinmu na Kano da Maraɗi da Damagaram an gina su ne don mawaƙi ɗaya da fiyano. Mai situdiyo ya saba ya kunna ƙas-ƙas ɗin nan na kwamfuta mai ƙirga lokaci, ya ɗora kiɗa a kai, sannan mawaƙi ya shiga ɗan akurki ya rera. To da kun zo ku huɗu, haka zai so ya yi da ku: mai ganga shi kaɗai yau, mai bes gobe, mai jita jibi, kowa na bin ƙas-ƙas. Irin kiɗan nan kuwa na Agadas ba ya zama wuri ɗaya. Yana farawa a hankali kamar tafiyar raƙumi, yana ƙara wuta yana ƙara wuta, kafin a kai ƙarshe ya zama sukuwa. Ƙanena, ɗan kaɗa mana shi a kan ƙas-ƙas. Yauwa. Yanzu na kashe, sake shi yadda kake yi a biki. Kun ji bambancin? Na farko babu kuskure a ciki ko ɗaya, amma ba mai tashi ya taka. Don haka shawarata: ku kaɗa tare, lokaci ɗaya, kuna ganin idon juna, ba ƙas-ƙas. In mai situdiyo ya ce ba zai yiwu ba, ku yi masa godiya ku nemi wani, ko ku ɗauke shi da kayansa ku kai shi ɗakin da zai ɗauke ku duka.

Ɗakin kuma ku zaɓe shi da tafi. Ku tsaya tsakiya ku tafa sau ɗaya. In kuka ji wani zirr yana dawowa kamar an buga kwano, ɗakin ba zai yi ba sai an yi masa sutura: katifa a jingine da bango, bargo a taga, darduma a ƙasa. Ni dai a aikina ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi mini ɗakin siminti da tayil nesa ba kusa ba, don bangonsa ba ya maido da sauti da kaifi. Ganguna su zauna kusurwa ɗaya. Amfilifayar jita a juya mata baya ga ganguna, ko a kai ta ɗakin kusa a ja waya. Bes kuwa ba ta bukatar makirfo, a jona ta kai tsaye cikin na'urar naɗi.

Makirfo a gaban amfilifaya: wanda aka fi amfani da shi a duniya don wannan aiki shi ne Shure SM57, kuma ba ya cikin masu tsada. Ku sa shi dab da ragar lasifika, tazarar yatsa biyu. Saurari nan. Wannan yana kallon tsakiyar lasifikar, kun ji yadda yake tsinke kunne? Yanzu na ja shi gefe kamar faɗin tafin hannu. Ya yi taushi, ya yi kauri. Ba na'urar da na taɓa, makirfo kawai na matsar. Ku ɓata minti ashirin a kan wannan matsarwa, za ta rage muku wahalar kwana biyu a wajen miksin, wato daidaita sautukan da aka naɗa su zauna tare.

Sai ƙugi. Duk mai jita irin Stratocaster ya san shi, wannan zzzz ɗin da ke zaune ƙarƙashin kiɗa. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya suna kwaso hayaniyar wutar lantarki da ke cikin ɗakin. Akwai ranar da wata ƙungiya ta zo mini daga nesa, kuɗin motarsu ma karo-karo suka yi. Muka yi wajen awa uku muna farautar ƙugi. Na sauya waya, na sa aka ja janareta bayan gida, na kashe fanka muna ta gumi kamar masu dambe, har na fara zargin jitar bawan Allah, shi kuma ransa ya fara ɓaci. Ashe wata 'yar caja ce ta ɗari biyar da mai ganga ya maƙala a soket ɗin bayan katifa. Ana zare ta ɗakin ya yi tsit. Tun ranar, kafin in kunna komai sai na bi soket ɗaya bayan ɗaya. Ku ma ku cire caja, ku kashe doguwar fitila, wayoyi su yi nesa da amfilifaya. In da saura, mai jita ya riƙa juyawa a hankali yana riƙe da jitar, akwai fuskar da ƙugin ke raguwa, sai ya tsaya a nan.

Tsirkiya sabuwa a ɗaura ta tun jajibiri don ta saki jiki, kuma a duba saiti kafin kowane ɗauka, ba kafin kowace waƙa ba. A kwamfuta ku naɗa a bit 24, kuma kada ma'aunin ƙarfin sauti ya kai ja. Inda ya fi ƙarfi ya tsaya wajen -10 a ma'aunin, ku tuna kiɗanku ƙaruwa yake yi, abin da ya zauna daidai a farko zai fashe a ƙarshe. Saboda haka da wurin sukuwar ake gwada ƙarfi, ba da farkon waƙa ba. Kowace waƙa ɗauka uku ta isa. In ta uku ba ta yi ba, a sha shayi a koma wata, don daga ta huɗu hannu ne kawai ke aiki. Murya da amshi da tafi a bar su sai daga baya, a ɗora a kai. Kuma kowane dare a kwafe aikin wuri biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban.

Wani abu game da wuri, tunda wasu na cewa sai sun tara kuɗin babbar situdiyo. Afrique Victime, kundin da kamfanin Matador ya fitar wa su Mdou a watan Mayun 2021, gutsi-gutsi aka naɗe shi a tsakanin tafiye-tafiye, wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a Nijar. Sannan da aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakoki, 'yan Nijar ukun suna Amurka, ba halin komawa gida. A cikin wannan zaman jiran suka shiga wata situdiyo a Brooklyn, suka zauna ɗaki ɗaya suka sake kaɗa waƙoƙin Funeral for Justice da jitar katako. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025.

Miksin ba zan daɗe a kai ba, darasi ne mai zaman kansa. Abu ɗaya dai: masu sauraronku ba a situdiyo za su ji ku ba. A lasifikar waya za su ji, da 'yar rediyon mai shayi, da cikin adaidaita. Ku tura wa kanku ku saurara a nan. Bes ce ke fara ɓacewa a waya, sai a ɗan ɗago mata tsakiyar sautinta. A wajen mastarin kuma, wato gyaran ƙarshe bayan miksin, kada ku ce sai an matse shi ya fi na kowa ƙara. Spotify na daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 a ma'aunin ƙara da ake kira LUFS, wanda ya matse nasa sai a rage masa, ya tashi ba ƙarar ba numfashin.

Yanzu ga wurin da ba a son ji. Kafin waƙa ɗaya ta fita, ku zauna ku rubuta a takarda: wa ya yi baitin, wa ya ƙirƙiro kiɗan, kashi nawa ne na kowa, kowa ya sa hannu, a samu shaida. Na san za a ce haba, ai mu 'yan'uwa ne, tare muka taso. Na ga ƙungiyar da ta yi shekaru tana cin tuwo kwano ɗaya ta watse a kan kuɗin da bai kai na tunkiya ba, don asusun intanet ɗin da sunan mutum ɗaya aka buɗe shi. Lokacin da babu ko sisi shi ne lokacin da rabo ke da sauƙi. Bayan nan ku yi rajistar aikin: a Nijar akwai ofishin haƙƙin mawallafa, BNDA, a Yamai, a Najeriya kuma akwai hukumar haƙƙin mallaka, NCC.

Ɗora kundi a Spotify da Apple Music da Boomplay ba kai tsaye ake yi ba, sai ta hannun dillali, irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby. Kafin ku biya kowanne, ku tabbatar hanyar da yake biyan kuɗi tana aiki a ƙasarku. Za su nemi waƙoƙin a WAV, ba MP3 da aka turo ta WhatsApp ba, da hoton bango murabba'i, 3000 a 3000. Su za su ba kowace waƙa lambarta ta ISRC, wadda da ita ake gane ta a duk inda aka kunna. Ku adana lambobin nan, in kun sauya dillali da su za ku tafi.

Sunan ƙungiya kuma a tsayar da rubutu ɗaya. Wannan ciwonmu ne mu da iyaka ta ratsa: yau Souleymane, gobe Sulaiman, jibi Suleman. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai ta buɗe muku shafi uku, masu sauraro su rarrabu.

Ranar fitarwa: tun 2015 duniya ta tsayar da Juma'a. Funeral for Justice ma ranar Juma'a ya fito, 3 ga Mayun 2024. Ku lura, an gama naɗinsa tun kafin juyin mulkin nan, wato aikin kwana biyar ya yi fiye da wata tara yana jira, kuma sai da aka fara sakin waƙa ɗaya da bidiyonta kafin kundin ya biyo baya. Ku ba ku bukatar wata tara, amma ku ba dillali mako huɗu. Spotify na son a gabatar wa editocinsa waƙa aƙalla kwana bakwai kafin ta fita, in ta riga ta fita ƙofar ta rufe.

Kuɗi fa? Kada in yaudare ku. Tun 2024, waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata goma sha biyu ba, Spotify ba ya biyan ko kwabo a kanta. Bandcamp ya fi dama ga irin kiɗanku, don a can mutum saye yake yi, su ɗauki kashi 15 cikin ɗari, kuma masu son jitar Sahara a Turai da Amurka a can suke nema. A gida kuwa, ni ban ga laifin ku kai wa masu turi a kasuwa waƙa biyu da hannunku ba. Ko kun hana za ta isa wurinsu, gara ta isa da sauti mai kyau. Ku dai tabbatar sunan ƙungiya da lambar wayar mai karɓar gayyata suna jikin fayil ɗin, ko ma a ambaci sunan a cikin waƙar, don uwar amarya da ta ji ta a wayar maƙwabciya ta san wa za ta kira.

Lokaci ya cinye mu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan ganguna, yadda ake ɗaukarsu da makirfo uku kacal. Ƙanena, ɗauko mana wancan na ɗazu, wanda ba ƙas-ƙas, mu fita da shi.