Daga Richmond Zuwa Sabon Gari: Hira Kan Hukumar Mishan ta Baftis

Rifkatu: Jama'a barkanmu da warhaka. Ni ce Rifkatu, ga Malam Ishaku a damana, ga kuma Ɗanladi da ya shigo yanzu yana haki. Malam, a makon jiya ka yi mana alkawarin labarin hukumar da ta turo 'yan mishan na Baftis ƙasar nan tamu Najeriya.

Ishaku: Alkawari kaya ne, ga shi na zo saukewa. Sunanta a yau International Mission Board, a taƙaice IMB. Ta Baftis ɗin kudancin Amurka ce, hedikwatarta tana birnin Richmond a jihar Bajiniya. An kafa ta a watan Mayun 1845 a garin Augusta na jihar Jojiya. Amma wannan sunan sai a 1997 ta ɗauka, kafin nan ana kiranta hukumar mishan ta ƙasashen waje.

Ɗanladi: Malam, kafin ka yi nisa, faɗa musu dalilin kafa ta. Kada mu rufe tukunya.

Ishaku: Wa ya ce zan rufe? Bauta ce dalili. Tun 1814 Baftis ɗin arewa da na kudu suna da hukuma guda da ke tura mutane. Sai aka zo kan tambaya: mutumin da ya mallaki bayi, ana iya naɗa shi ɗan mishan? Shugabannin da ke Boston suka ce a'a. Mutanen kudu suka ce to, kowa tashi ta fisshe shi, suka kafa tasu.

Rifkatu: Wato mutum yana da bawa baƙar fata a gonar audugarsa, kuma yana tara kuɗi a kai bishara Afirka?

Ishaku: Haka abin yake, 'yata, babu daɗin ji. Su da kansu sai a 1995, da suka cika shekara 150, suka zartar da ƙuduri a babban taronsu na Atlanta suna neman gafarar baƙaƙen fata.

Ɗanladi: Shekara ɗari da hamsin! Lallai an sha jira.

Rifkatu: To ta yaya aka iso nan?

Ishaku: Sin suka fara nufa, sai Laberiya, inda baƙaƙen Amurka irin su John Day suka riƙe aikin. Mu kuma namu ya zo ta hannun Thomas Jefferson Bowen, tsohon soja, wanda ya sauka Badagry a 1850. Shi fa ba bakin teku yake so ba, idonsa yana can cikin ƙasa. Ya zauna Abeokuta, ya yi Ijaye, ya kafa tasha a Ogbomoso a 1855. A shekarar ya je Ilorin yana neman izinin zama, Sarki ya karɓe shi a matsayin baƙo amma bai ba shi izinin ba. Nan tafiyarsa ta arewa ta tsaya.

Ɗanladi: Shi ne mai jami'ar da ke Iwo?

Ishaku: Sunansa aka sa mata. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya rubuta nahawu da ƙamus na Yarbanci da aka buga a 1858. Daga baya aka tura shi Brazil, ya tarar da bayi masu jin Yarbanci, ya riƙa hira da su da harshensu har hukuma ta fara zarginsa. Ya koma gida da rashin lafiya, ya rasu a 1875.

Rifkatu: Ni abin da ke ɗaure mini kai, idan Bowen bai wuce Ilorin ba, wa ya kawo Baftis Kaduna da Jos da Kano?

Ishaku: Yauwa, nan nake son mu daɗe. Ba Richmond ce ta zana taswirar ba. 'Yan kasuwa Yarabawa ne, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawu-akawu. Mutum ya taso daga Ogbomoso da ƙunshin atamfa, ya kama ɗaki a Sabon Gari, ranar Lahadi ya tara 'yan garinsu a tsakar gida su yi waƙa. Turawan sai daga baya suka biyo sawu, aka buɗe makarantar fastoci a Kawo da ke Kaduna, aka buɗe sakandaren Baftis ta Jos a 1961.

Ɗanladi: Kakata ta sha ba mu labari. Ta ce suna yara, idan sun ji waƙar Yarbanci tana tashi daga wani gida mai rufin kwano kusa da tashar jirgi, sai su laɓe a taga suna leƙe. Wata mata mai sayar da ƙosai a ƙofar ce ta fara jan hannunta ta shigar da ita, ta zaunar da ita a kan benci, ta miƙa mata littafin waƙa a juye, don ita ma matar ba ta iya karatu ba.

Ishaku: Ka ga irin waɗannan ba sa shiga rahoton shekara. Kuma ba sabon abu ba ne. Yaƙin basasar Amurka ya karya tattalin arzikin kudu, kuɗi ya ƙafe, zuwa 1869 babu ɗan mishan ɗinsu ko ɗaya a ƙasar Yarabawa. Har 1875 su Sarah Harden da Moses Ladejo Stone ne suka riƙe ikilisiyar Legas. Da Turawa suka dawo suna son riƙe ragama kamar da, ai ba a daɗe ba aka samu ɓaraka, a 1888 wasu suka fita suka kafa cocinsu mai zaman kanta.

Rifkatu: Mu dawo kan shugabanni. Su nawa ne zuwa yanzu?

Ishaku: Goma sha uku. Na farko James B. Taylor, ya yi daga 1846 har 1871, kuma a lokacin babban sakatare ake ce wa kujerar. Ba zan jero su ba, kada mu koma aji. Amma in ka duba, kusan kowa da abin da ya hana shi barci, kuma yawanci kuɗi ne. Charles Maddry ya hau a 1933 ya tarar da bashin fiye da dala miliyan ɗaya. An yi gangamin tara dala miliyan 75 tun 1919, jama'a suka yi alkawarin miliyan 92, abin da ya shigo hannu bai kai miliyan 59 ba. Alhali an riga an faɗaɗa aiki bisa alkawarin.

Ɗanladi: An sayi doki da kuɗin da ke bakin mutane.

Ishaku: Ka gama magana. Wanda ya ci zamanin yalwa shi ne Baker James Cauthen, 1954 zuwa 1979. Ya karɓi 'yan mishan kimanin ɗari tara, ya bar kusan dubu uku.

Rifkatu: Malam, duk sunayen nan maza ne fa.

Ishaku: Dukansu sha ukun.

Rifkatu: Alhali baikon da ya fi ɗaukar nauyin hukumar sunan mace ne a kansa. Bari ni ma in yi nawa karatun. Lottie Moon, 'yar guntuwar mace, ta tafi Sin a 1873. Yara suna gudunta, sai ta riƙa gasa 'yan biskit, ƙamshi ya jawo su ƙofarta. Ita ta rubuto wasiƙa a 1887 tana cewa a ware makon da ke kafin Kirsimeti don baiko. Mata suka kafa ƙungiyarsu a 1888, suka tara dala 3,315, kuɗin da ya isa tura mutum uku. Ta rasu a cikin jirgin ruwa a tashar Kobe ta Japan ranar jajiberin Kirsimeti na 1912, bayan kusan shekara arba'in a can. A 1918 aka sa wa baikon sunanta.

Ɗanladi: Kamar dai zumuntar mata a wurinmu. Su ne tara kuɗi, su ne girki, amma in an zo zaɓen dattawa...

Ishaku: Ɗanladi, kana so a hana mu shiga coci ranar Lahadi? (dariya) Amma gaskiya ce.

Ɗanladi: To rigima fa? Na ji an ce wani shugaba ya ajiye aiki cikin fushi.

Ishaku: Keith Parks ke nan. Lokacinsa ya zo daidai da takaddamar masu tsaurin aƙida da masu sassauci a cikin ɗarikar. Shugaba ba shi da iko shi kaɗai, akwai kwamitin amintattu da babban taro ke zaɓa. A 1991 suka yanke tallafin wata makarantar tauhidi da ke Rüschlikon a Suwizalan, wai ta yi sassauci. Parks ya ga ba za su jitu ba, ya sauka a 1992, ya koma jagorantar mishan na ɓangaren da suka ware. Magajinsa Jerry Rankin ya nemi 'yan mishan su sa hannu a kan takardar aƙida ta shekarar 2000, aka sallami goma sha uku da suka ƙi a 2003. Abin mamaki, a 2005 amintattun suka hana ɗaukar masu addu'a da baƙin harsuna a keɓe, ga shi shugaban da kansa ya faɗa cewa yana yi.

Rifkatu: Ikon Allah! Suka bar shi a kujera?

Ishaku: Har 2010. Dokar kuma aka janye ta a 2015, zamanin David Platt, wanda ya hau yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. Shi ma kuɗin ne ya tare shi. Ya fito fili ya ce cikin shekara shida an kashe dala miliyan 210 fiye da abin da ya shigo, ana cike giɓin da sayar da kadarori da taɓa ajiya. Zuwa 2016 'yan mishan 983 da ma'aikatan ofis 149 suka bar aiki. Paul Chitwood ya karɓa a ƙarshen 2018.

Ɗanladi: Mu kuma nan girgizar ba ta taɓa mu sosai ba.

Ishaku: Don tun 1914 Baftis ɗin ƙasar nan suka kafa tasu ƙungiyar a Ibadan, Mojola Agbebi ya zama shugaban farko. Yau ma su ke tura nasu 'yan mishan ɗin zuwa wasu ƙasashe da baikon cikin gida.

Rifkatu: Ɗanladi, matar nan mai ƙosai, kakarka ta faɗi sunanta kuwa?

Ɗanladi: Na tambaye ta. Ta ce kowa Iya yake ce mata, ita ma iyakar abin da ta sani ke nan.

Rifkatu: To masu sauraro, lokaci ya cinye mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.