Amsoshin Tambayoyinku: Maigida ya tare a zauren malam

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka, daga nan Garwa muke zuwa muku, wasiƙu sun taru lokaci kuma ba yawa, Malam yau sai a gurguje. Ta farko daga Kusuri, wani bawan Allah na tambaya ko zai iya sa wa ɗansa sunan malaminsa.

Malam: Ya halatta, Allah ya raya.

Mai gabatarwa: Amin, amma a shawarci uwar yaro, ita ta sha naƙuda. Ta biyu daga Marwa, unguwar Domayo, kuma irinta sun zo mana daga Gaundare har da Injamena. Baiwar Allah ta ce tunda maigidanta ya kama karatu wajen wani malami ta gode Allah, ya bar zaman majalisa, sallar asuba ba ta wuce shi, amma fa daga magariba yana zaure sai yara sun yi barci, komai a gidan sai malam ya ce, ran Juma'a ya kai wa malam jaka biyar ita kuwa kuɗin gawayi sai ta yi ta bi. In maimaita, ba karatun take ƙi ba, kada wani ya ce mun zuga mata. Cefane da zama da iyali take tambaya.

Malam: To, Bismillah. Ai mu da Ahalari aka fara ɗora mana, sai Ishmawi, sai Iziyya, kafin a kai Risala an sha wuya, ba irin yaran yanzu ba da za su ji wa'azin minti biyu a WhatsApp su tashi suna ba da fatawa. Modibbon da ya karantar da mu, Allah ya jiƙansa, da kansa yake ɗinke rigarsa, in damina ta ja baya har gonar muskuwari muke binsa da littafi a hammata...

Mai gabatarwa: Allah gafarta Malam, gawayin fa.

Malam: Ina zuwa. Ciyar da iyali wajibi ne, a cikin Risalar ma akwai babinsa. Kyauta ga malami alheri ce, amma ba a barin wajibi a kama nafila. Kuma an tambayi Nana A'isha me Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana cikin Buhari.

Mai gabatarwa: Kun ji dai, wajibi ne. Ni a nawa ganin sau da yawa malamin bai ma san ana yi ba, ɗalibin ne ke fakewa da sunansa don a yi masa shiru. Maigida in kana jinmu, haba Alhaji, ko abin da aka biya maka a zauren ai sai ka zo ka biya wa matarka da yara. Ke kuma Hajiya ki faɗa masa cikin lalama, in bai ji ba ki samu uwargidan malam, ta nan saƙon zai fi saurin isa.

Wani saurayi daga Mokolo ya ce malaminsa ya zaɓa masa mata, shi kuma yana da wadda yake so.

Malam: Ba dole ba ne, ya je ya yi masa bayani cikin ladabi.

Mai gabatarwa: Ka daina sunkuyar da kai kana cewa to. Mai tambayar gado daga Yagwa ka yi haƙuri, ana ɗaga min hannu, taka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.