Awa Guda a Layi, Minti 15 a Kujera: Yadda Ake Hidima a Shagon Ramen na Japan

[Hoto: wani lungu a birnin Tokyo da hantsi, mutane sun jeru a jikin bango]

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Ku dubi layin nan da kyau. Ba na mai ba ne, ba na banki ba ne. Layin taliya ne. Ga mai kwat da jakar ofis, ga ɗalibi, ga wata dattijuwa da laimarta, kowa ya ja bakinsa ya tsuke. Wani sai ya yi awa guda a tsaye, ya shiga, ya cinye abin da ya kawo shi cikin kamar minti 15, ya fito. Ba wanda zai ce masa ya gida ya iyali. Ba wanda zai ja masa kujera. Amma gobe in Allah ya kai mu, a nan za ka sake ganinsa.

To wace irin hidima ce wannan, da ba gaisuwa ba hira, amma mutane ba su gajiya da komawa? Sai mun leƙa cikin kwanon tukuna za mu gane.

[Hoto: kwanon ramen yana tururi]

Sunan abincin ramen. Taliyar alkama ce cikin romo mai zafi, a ɗora mata nama, da dafaffen ƙwai, da lawashi. Daga Sin ta shigo Japan. Shagon da aka fi ambata a tarihinta shi ne Rairaiken, wanda aka buɗe a unguwar Asakusa ta Tokyo a 1910, da masu girki 'yan Sin da aka ɗebo daga Yokohama. Bayan yaƙin duniya na biyu shinkafa ta yi ƙaranci, alkamar Amurka ta kwararo, sai rumfunan bakin titi suka rungumi taliyar nan. Abincin lebura ne da mai sauri, tun asali ba na zaman hira ba ne.

Akwai wani abu da zai ba ku mamaki. Abin da ke sa taliyar ramen ta yi rawaya-rawaya ta yi danƙo shi ne wani ruwa da suke kira kansui, wanda sinadarinsa ɗan'uwan kanwarmu ne. Kuma Indomie da mai shayin unguwarku ke soya muku da ƙwai, jikar ramen ce. Wani ɗan kasuwa a Osaka, Momofuku Ando, shi ya fara fitar da busasshiyar taliya ta leda a 1958.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Romon ramen aikin haƙuri ne. Wani mai shagon tun jiya ya ɗora tukunya, yana kwashe kumfa, yana ƙara ruwa, ƙashi yana narkewa. Mai haƙuri, an ce, shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, to a nan romon ake sayarwa. Ita kuwa taliyar, minti ɗaya zuwa uku ta ishe ta, in siririya ce ma ko minti ba ta kaiwa. Da zarar ta faɗa cikin romo, ba ta daina shan ruwa. Ka bar ta kaɗan, sai ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, romon ya huce, kitse ya fara daskarewa a sama. Aikin kwana guda ya lalace a minti biyar. Duk abin da za ku gani a shagon nan, tsere ake yi da waɗannan mintocin.

[Hoto: na'urar tikiti a bakin ƙofa]

Wanda zai fara tarbar ka ba mutum ba ne, wannan akwatin ne. Ka zura kuɗi, ka danna abin da kake so, ya tofo maka ɗan tikiti. In rubutun ya gagare ka, masu yawan zuwa sukan ce ka danna na sama ta hagu, galibi a nan mai shago ke sa abin da yake taƙama da shi. Baƙo yakan ji kamar an wulaƙanta shi, an haɗa shi da inji. Amma duba abin da injin ya ɗauke. Mai girki ba zai taɓa kuɗi da hannun da yake taɓa abinci ba. Ba neman canji. Ba gardamar ni ba wannan na ce ba. Ba jiran a kawo maka lissafi bayan ka gama. A shagon da mutum biyu ko uku ne kacal ke aiki, wannan akwatin ma'aikaci ne guda.

A wasu wuraren tun kana layi yaro zai fito ya karɓi tikitinka, don taliyarka ta shiga ruwa daidai lokacin da kujera za ta samu. Layin ma da ƙa'idarsa. Shaguna da yawa ba su yarda mutum ɗaya ya kama wa abokansa layi ba, sai kun cika sannan ku tsaya. Ni dai wannan dokar, da za a ba ni ita aro, na san inda zan kai ta.

Kana shiga za ka ji an ɗaga murya: irasshaimase! Wato lale marhabin. Ba a jiran ka amsa. Kujerun jere suke a gaban kanta, kafaɗa na gogar kafaɗa, mai girki yana gabanka kamar mai tsire da tukubarsa. Ruwan sha kai za ka zuba wa kanka.

Yanzu ku zuba ido a hannunsa. Ya ɗumama kwano da ruwan zafi. Ya auna wani kakkauran miya mai gishiri da suke kira tare, ludayi ɗaya ƙarami, ba daɗi ba ragi. Ya sa mai. Agogo ya yi ƙara. Ya zuba romo, ya fizgo ɗan kwandon ƙarfen da taliya ke ciki, ya ɗaga shi sama ya kaɗo ƙasa, fat, fat, fat, ruwan ya tsiyaye don kada ya tsinka romon. Ya juye, ya gyara zaren taliyar da tsinke ya kwantar da su gefe guda, ya jera nama da ƙwai, ya miƙo ta saman kanta. Daga ƙarar agogo zuwa gabanka, da ƙyar ka gama gyara zama. Gaisuwarsa ke nan.

Kai kuma naka shi ne ka ci da zafinta. Zuƙar taliya da ƙara, fuuut, abin da a gidajenmu za a harare ka a kai, a can ba laifi ba ne, iskar da ka ja tana rage zafin. Ni na taɓa shan kunya a wani ɗan shago mai romon kaza. Aka ajiye mini kwano, na tsaya juya waya ina neman inda haske ya fi kyau. Mai shagon bai ce uffan ba. Kallo ɗaya ya yi wa kwanon, ya yi mini ɗaya. Na mai da wayar aljihu ba shiri. Ashe ma na yi sa'a: a 2023 wani shago a unguwar Takadanobaba ta Tokyo ya shiga labarai saboda ya hana kallon waya ana ci a lokacin cunkoso.

[Hoto: birnin Fukuoka, kasuwar kifi]

In kana son ganin inda saurin nan ya samo tushe, je ka Fukuoka a kudancin ƙasar. A unguwar Nagahama akwai kasuwar kifi, ma'aikatanta ba su da lokacin jira. Sai masu shago suka sirantar da taliya don ta nuna nan take. Amma siririya ta fi saurin kumbura, don haka ba a cika maka kwano. A ba ka kaɗan, in ba ka ƙoshi ba ka ce kaedama, a dafa sabuwa a juye maka cikin sauran romonka. Har tambayar ka za a yi yadda kake son ta, mai laushi, ko daidai, ko mai tauri, ko barikata, wadda kusan tsoma ta kawai aka yi aka cire.

A wannan birnin ne kamfanin Ichiran ya kai abin ƙurewa. Kowane mai ci da ɗan akurkinsa, katako a dama, katako a hagu, famfon ruwa a gabansa. A ba ka takarda ka zagaye abin da kake so: ƙarfin romo, yawan mai, tafarnuwa, yaji, taurin taliya. Gabanka asabari ne. A ɗaga shi, hannu ya miƙo kwano, mai hannun ya rusuna, ba ka ga fuskarsa ba, a saki asabarin. Kana son ƙari, ka ɗora wani ɗan faranti a kan madanni, wata 'yar waƙa ta tashi, a zo a ɗauka. Kana iya shiga ka fita ba ka furta kalma ko ɗaya ba. Mai kunya, da macen da ba ta son ana kallon ta tana ci, da baƙon da bai iya Japananci ba, wannan gata ne a wurinsu. Ni kam na ga ya yi yawa. Ci kai kaɗai kana fuskantar asabari, sai ka ce mai zana jarrabawa.

Akwai kuma Ramen Jiro, wanda Takumi Yamada ya kafa a 1968, babban shagonsa yana unguwar Mita kusa da Jami'ar Keio. A can ba a ɓoye ka, gwada ka ake yi. Dab da miƙo kwano mai girki zai jefo tambaya ɗaya: a sa tafarnuwa? Nan take ake so ka zayyano abin da kake so, ganye, tafarnuwa, kitse, ƙarin gishirin miya, da yawan kowanne. 'Yan gida sun haddace kamar karatu. Kuma da yake rukuni-rukuni ake dafa taliyar, in ka yi nawa ka riƙe na bayanka. Sabon zuwa yakan fita da gumi biyu, na romo da na fargaba. A nan ne nake ganin tsarin ke da aibi: wanda ya san dawan garin yana jin daɗi, baƙo kuwa ba mai riƙe masa hannu.

Kafin wani ya fara haɗiyar yawu, ga gargaɗi ga 'yan'uwa Musulmi. Romon Ichiran da na Jiro na ƙashin alade ne, shi ake kira tonkotsu. Ko inda aka ce romon kaza ne ko na kifi, naman da ake ɗorawa galibi na alade ne, wani lokaci da kitsensa, kuma miyar tare takan ƙunshi giyar shinkafa. Akwai shagunan halal a Tokyo da Kyoto da Osaka masu amfani da kaza ko naman sa. A nemi takardar shaidarsu a bango, kada a tsaya ga launin romo.

[Hoto: kuɗin yen a tafin hannu]

Me ya sa mai shago ba zai bar ka ka miƙe ƙafa ba? Lissafi ne. Shagon Tsuta, na ramen na farko a Japan da ya sami tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a ƙarshen 2015, kujera 9 gare shi a lokacin, har sai da ya koma raba tikiti da sassafe, kowa ya dawo a sa'arsa. Ga shi kuma Japanawa sun daɗe suna ganin bai kamata kwanon ramen ya wuce yen 1,000 ba, har suna kiran abin katangar yen dubu. Alkama ta hau, nama ya hau, gas ɗin da tukunya ke kwana a kai ya hau, kuma ba a ba da tukwici a Japan. Kamfanin bincike na Teikoku Databank ya ƙirga masu sana'ar ramen 72 da jarinsu ya karye a 2024. A Yulin shekarar kuma babban bankin Japan ya fitar da sababbin takardun kuɗi, masu shago suka gyara ko suka canja na'urorin tikiti daga aljihunsu. Wanda ba zai iya ƙara kuɗi ba, kuma ba zai iya ƙara kujeru ba, abin da ya rage masa shi ne kujerar ta yi ta juyawa.

[Hoto: mai ci ya ɗaga kwano da hannu biyu yana kurɓar romo]

Ga mutuminmu mai kwat ya gama. Ya ɗora kwanon da kofin a saman kanta, ya ɗauki tsumman da ke gefe ya goge gabansa, ya tura kujera ciki, ya ce gochisosama deshita, wato na gode da wannan liyafa. Mai girki ya amsa ba tare da ya ɗago ba, idonsa na kan agogo. Dattijuwar nan mai laima ta riga ta zauna, taliyarta kuma tana cikin ruwa tun kafin ta cire mayafin wuyanta.