Darasin masu riƙo: yaron da ƙarar babur ke firgitawa

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Yau ma muna tare da Malama, wadda ke koyar da masu riƙon yaran da hare-haren 'yan bindiga suka raba da iyayensu. Malama, barka da zuwa.

Malama: Barka kadai, Alhaji. Riƙo dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da wuya ka shiga gida ka rasa ɗan wa ko 'yar ƙanwa. Amma yaron da aka kawo miki daga ƙauyen Zurmi ko Batsari bayan an ƙone garinsu, ba ɗaya yake da wanda aka kawo don karatu ba. Shi da kaya ya zo, kayan da ido ba ya gani.

A ce ɗan shekara bakwai ne. Yana zaune a tsakar gida yana cin ɗumame, sai wani ya tayar da babur a ƙofar gida. Kafin ki juyo ya watsar da kwano, ya shige ƙarƙashin gado, jikinsa na ɓari. Ke kin san babur ɗin maigida ne. Shi kuwa jikinsa ya san cewa ranar da aka kashe babansa, da ƙarar babura aka fara. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya ji alamar haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta hau bugu, ƙafa ta nemi gudu. Yaron da ya ga tashin hankali, mai gadin nan nasa ba ya barci. Yana buga kuge tun kafin hankali ya tantance ko akwai haɗarin.

Mai gabatarwa: To a wannan lokacin me uwar riƙo za ta yi?

Malama: Abu na farko, kada ta jawo shi da ƙarfi. Kada ta ce "kai ba namiji ba ne?" Ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ta sassauta murya, ta kira sunansa: "Babur ɗin Baba ne, kana gida, ga ni nan." Ta ja numfashi a hankali yadda zai ji, sau da yawa yaro yakan bi numfashin babba ba tare da ya sani ba. In ya fito, a ba shi ruwa. Bayani sai can anjima, domin mai firgita ba ya jin nasiha.

Sai fitsarin kwance, kuma nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi haɗa masu riƙo faɗa da yara. Yaron da ya daina tun yana shekara uku sai ka ga ya koma yi yana ɗan tara. Al'adarmu kuma mun san ta: a kira shi amalala, a rataya masa tabarma, yara su bi shi da tsokana har ƙofar gida. Wallahi wannan ƙara ciwon yake yi. Ba ganganci ba ne, tsoro ne ke bin sa har cikin barci. Ki shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen kwanciyarsa, ki rage masa ruwa bayan isha'i, ya zaga kafin ya kwanta, a bar masa 'yar fitila in duhu ke hana shi fita. Da asuba ku kwashe shimfiɗar ku biyu kafin sauran yara su tashi. Ko kishiya ba sai ta ji ba.

Haka in kin tarar da malmalar tuwo a aljihunsa ko ƙarƙashin matashi, har ta fara tsami, kada ki ce ɓarawo. Wanda ya kwana uku a daji da yunwa bai yarda gobe akwai abinci ba. Ki ware masa ɗan kwano mai murfi, ki zuba gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, ki ce nasa ne, ba wanda zai taɓa. Galibi in ya ga kwanon ba ya ƙarewa, da kansa yake barin ɓoyon.

Mai gabatarwa: Malama, wasu za su ce ai gara a kai irin waɗannan gidan marayu, inda akwai ma'aikata.

Malama: An gwada wannan a Romaniya. Daga shekarar 2000 masu bincike suka bi yara 136 na gidajen marayu a Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai da aka horar. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi ci gaba wajen fahimta da shaƙuwa da mutane, musamman waɗanda aka mayar kafin su cika shekara biyu. Abin da yaro ke nema shi ne fuska ɗaya da zai gani kullum. Shi ya sa nake roƙon dangi su daina yawo da shi, wata uku gidan gwaggo, wata biyu gidan kawu. Ko kasuwa za ki, ki gaya masa: "Zan dawo kafin la'asar." Ki kuma dawo kafin la'asar ɗin.

Wani kuskuren shi ne tambaya. Baƙi su zo, a ce "zo ka ba su labarin yadda aka yi". A'a. In ya fara da kansa, ki saurara, kada ki katse shi, kada ki ce "manta kawai". In ya zana bindiga a ƙasa da tsinke, bar shi, maganarsa ke nan. Gori kuwa, irin na "da ba don mu ba", ko a bakin 'ya'yanki kada ki bari.

Addu'a da tofi mu ci gaba da yi, suna kwantar da hankalin yaro da na mai riƙon. Amma in an wuce wata guda ba ya barci, ko ya daina magana, ko yana ji wa kansa rauni, ko ya ambaci mutuwa, kada a tsaya kan cewa iska ce. A kai shi asibiti mafi kusa a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitin tarayya a Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna.

Mai gabatarwa: Lokaci ya ja, Malama.

Malama: To ga aikin gida. A wannan makon, duk lokacin da yaron ya firgita, ki lura da abin da ya faru dab da nan: ƙara ce, wari ne, ko shigowar wani namiji? Ki riƙe a kai, ko ki sa a rubuta miki. Mako mai zuwa da shi za mu fara, sannan mu taɓo gajiyar ita mai riƙon, wadda ba a cika tambayar ta yadda ta kwana ba.