Tambaya ɗaya ta kayar da ɗalibar gashin ƙashi a gabana

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, fitowata ke nan daga makaranta, abin da na gani yau ne ya hana ni jira sai na isa gida.

Yau aka yi wa ɗaliban gashin ƙashi jarrabawar aiki da hannu, wadda ake kira OSCE, a jami'ar da nake karatu a nan Ingila, ni kuma aka sa ni cikin masu taimaka wa malamai. Ɗakuna ne a jere, kowanne da aikinsa. Ƙararrawa ta buga ka shiga, bayan minti goma ta sake bugawa ka wuce na gaba. Malama tana zaune a gefe da takarda, ba za ta ce maka uffan ba, alama kawai take sawa. Marar lafiyar ma ɗan wasan kwaikwayo ne da aka biya, an ba shi labarin ciwo ya haddace. Wani likita Ronald Harden ne ya fito da tsarin a Dundee ta ƙasar Sikotland, aka wallafa shi a 1975, yanzu makarantun lafiya da yawa sun ɗauka.

A ɗakin da nake, wani dattijon Bature ne mai ciwon kafaɗa, aikin kuma a sa masa TENS, ƴar na'urar nan da ke tura wuta kaɗan ta fata don rage zafin ciwo. Yarinyar ta shigo, wallahi hannunta tsaf. Ta wanke hannu, ta faɗi sunanta, ta nemi izini, ta goge fatar, ta manna faifan daidai inda ya kamata. Tana kai yatsa kan makunni sai malama ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. Ashe a labarin dattijon akwai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirjinsa, kuma an ce kada ya faɗa sai an tambaye shi. Ba ta tambaya ba. Shi ke nan, ta faɗi wannan ɗakin gaba ɗaya, duk makin da ta tara a baya bai cece ta ba.

Jikina ya yi sanyi, har yanzu fuskarta nake gani. Amma gaskiyar malamar ce, domin wutar nan tana iya rikita na'urar da ke riƙe da zuciyar mutum. Da a asibiti ne, da yanzu wata magana ake yi.

Haka ɗakin gashi da zafi. Jakar gashin nan da ake tsamowa daga tukunyar ruwan zafi, ruwan ya haura digiri 70, sai an naɗe ta da tawul ninki shida zuwa takwas. Amma kafin ka taɓa ta, kwalabe biyu za ka ɗauko, ɗaya ruwan ɗumi ɗaya ruwan sanyi, ka ce mutum ya rufe ido, ka taɓa masa a wurin ya gaya maka wanne ne wanne. In bai bambance ba, babu gashi. A nan na tuna tsofaffinmu masu ciwon suga. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya daina jin zafi. Lokacin hunturu a ajiye wa Hajiya kaskon garwashi ko kwalbar ruwan zafi kusa da ƙafa, ta yi barci, da safe a tarar da ƙuna, ƙunar da kan ɗauki watanni ba ta warke ba. Don Allah in kuna da mai suga a gida ku kiyaye wannan.

Amma bari in faɗa muku, ba yabon kai ba, wajen hannu mu ɗaliban gida mun fi na nan. Ɗalibin da ya yi zagaye a asibitin ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano ya ga masu shanyewar ɓarin jiki, ya ga karayar haɗarin babur, ya ga yaran shan-inna, ya ɗaga su da hannunsa. Na'urar gashi da sauti, wadda ake shafa mata man nan mai santsi, mu tun muna ɗalibai mun san in an saita ta a 1 MHz ta nama mai zurfi ce, a 3 MHz ta kusa da fata, kuma kan na'urar ba ya tsayawa wuri guda, in ya tsaya sai zafi ya taru a kan ƙashi. Wasu a nan hannunsu rawa yake yi. Inda suka sha gabanmu shi ne baki, komai sai sun tambaya, komai sai sun rubuta.

Wani abin mamaki kuma, na'urorin ma ba su dame su ba. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a nan, tun 2016 ta ce kada a yi wa mai ciwon ƙugu TENS ko gashin sauti, motsa jiki aka fi so. A gida kuwa ka koya wa Baba motsa jiki na rabin awa, yana fita zai ce wa ɗansa yau ba a gasa shi ba. Kai, na yi kewar wannan mitar. A nan ga sanyi, ga duhu tun ƙarfe huɗu.

Ƙannena masu shirin zuwa da rajistar HCPC, hukumar da ke yi wa likitocin gashin ƙashi rajista a nan, ku ji ni da kyau. In an sa ku gaban mai duba aiki, ku riƙa faɗin abin da kuke yi da ƙarfi, abin da bai ji ba ba zai ba ku makinsa ba. Ku tambayi na'urar zuciya, juna biyu, ciwon daji, daskarewar jini a ƙafa, ƙarfe a jiki. Kada kunya ta hana ku tambayar mace ko tana da ciki, a nan rashin tambayar ne laifi. Bayan an gama ku buɗe wurin ku duba fatar.

Ku kuma masu sayen TENS a kantin magani, fam talatin da ɗoriya, ku jefa a akwati ku aika wa Baba tsaraba, ku kira gida tukuna ku ji ko an taɓa yi masa aikin zuciya. In an yi, a fara kai ta wurin likitan gashin ƙashi ya duba kafin kowa ya kunna.