Ta Fara Cin Abinci, Me Ya Hana Ta Barci?

[Hoto: ɗakin 'yan mata, ƙarfe uku na dare]

Tambayar nan ta yi yawa kwanakin nan, kuma iyaye mata ne suka fi turo ta: "Ɗiyata tana karɓar maganin anoreksiya, ta fara cin abinci, amma har yanzu ido biyu take kwana. Ko maganin ne bai karɓe ta ba?" Inna, kwantar da hankalinki ki saurara.

A gurguje, anoreksiya cuta ce da yarinya ke hana kanta abinci saboda tsananin tsoron ƙiba, tana ramewa amma tana ganin kanta da jiki. Wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa cutar suna a 1873. Ba iyayi ba ne, kuma 'ya'yanmu ma tana kama su. Al'ada ta ɗauke, gashi ya riƙa zuba, ki ga yarinya da rigar sanyi cikin zafin Afrilun Sakkwato.

[Zanen ƙwaƙwalwa]

To ga inda ake ruɗewa. Ana ɗaukar rashin barcin a matsayin wata cuta ta daban, alhali yunwar ce ke hana barcin. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, oreksin, an gano shi a 1998. Aikinsa riƙe mutum a farke, kuma yunwa na ƙara zaburar da shi, don jiki yana so a tashi a nemi abinci. Shi ya sa take juyi, ta farka tun kafin kiran sallar farko, barcin kuma ya ƙi dawowa.

Barci mai nauyi, wanda a cikinsa jiki ke sakin sinadarin girma, yana raguwa idan rama ta yi yawa. Dawowarsa kuma nauyin jiki take bi, sannu a hankali, makonni ko watanni. Tuwon dare ɗaya ba ya biyan bashin shekara.

[Tsoffin hotuna]

A Jami'ar Minnesota ta Amurka, tsakanin 1944 da 1945, an rage wa maza 36 masu lafiya abinci har wata shida. Tunanin abinci ya mamaye su, fushi da damuwa suka ƙaru, kuma bayan an dawo musu da abinci sai da suka yi watanni kafin su dawo daidai. Ƙarti ke nan, ina ga yarinya 'yar shekara 15?

Makonnin farko ma dare kan ƙara wuya: ciki ya kumbura, gumi ya jiƙa ta, fargabar abin da ta ci ta hana ta sakat. Wannan ba ya nufin magani ya gaza.

[Kantar kemis]

Nan ne nake roƙonku don Allah. Kada a sayo mata maganin barci. Zuciyar mai wannan cuta tana rage gudu da dare, wani lokaci ƙasa da bugu 40 a minti, ƙwayar da ba likita ya rubuta ba tana iya jawo babbar matsala. Kada kuma a ɗura mata abinci lokaci guda don a gaggauta, hakan na iya rikita sinadaran jini. A bi ma'aunin likita.

[Kofin kunun gyaɗa]

Ɗan abin ci kafin kwanciya, kunun gyaɗa ko fura da nono, idan yana cikin tsarin abincin da likita ya ba ta. Ban da shayi da dare, waya kuma ta kwana a wajenki. Ni a ganina, ki kwana kusa da ita, don wasu kan tashi motsa jiki a ɓoye. Sa'o'i 8 zuwa 10 ake nema wa masu shekarunta.

Idan jiki ya murmure amma barci bai dawo ba, kada a yi shiru, damuwa ko fargaba na iya zama sanadi, kuma hakan na iya mayar da ita baya. Ku rubuta lokacin kwanciyarta da na farkawa, ku kai wa likitanta, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.