Ko Farar Takarda Laifi Ce: Hira Kan Toshe Baki a Mulkin Kama-Karya

HADIZA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, ina tare da Malam Iliya da Nasir. Yau maganar toshe baki za mu yi, wato yadda gwamnatocin kama-karya ke hana jama'a ji da faɗi. Malam, barka da zuwa.

MALAM ILIYA: Barka kadai, Hadiza. Nasir, yau ma da gardama ka zo?

NASIR: Da 'yar kaɗan, ranka ya daɗe.

HADIZA: To bari in riga ka. A 2022 an kama mutane a Rasha, an kuma kama wasu a Chaina, kowa riƙe da takardar da ko harafi ɗaya babu a jikinta. Farar takarda fa, Malam. Mene ne abin tsoro a ciki?

MALAM ILIYA: Ai kowa ya san abin da ba a rubuta ba. A Rasha, ranar 4 ga Maris 2022 aka sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15 ga wanda aka ce ya yaɗa ƙarya a kan soja, kwana kaɗan bayan an afka wa Yukren. A Chaina kuwa gobara ce ta tashi a wani bene a birnin Urumqi cikin Nuwamba, hukuma ta ce mutum 10 suka mutu, jama'a suka ce kullen korona ne ya hana a cece su. Mai wucewa ya ga farar takardar nan, ba wani sabon labari ya samu ba. Abin da ya samu shi ne ashe ba shi kaɗai abin ke ci a rai ba. Wannan ɗin gwamnati ba ta so ya gane.

NASIR: Amma a Chaina ai an ci riba, cikin Disamba aka sassauta kullen.

MALAM ILIYA: An sassauta. Daga baya kuma aka bi wasu daga cikin waɗanda suka fito, aka riƙa ɗauke su ɗaiɗai, ba hayaniya.

HADIZA: Akwai binciken da ya zo daidai da maganar Malam. A 2013 Gary King da Jennifer Pan da Margaret Roberts na Jami'ar Harvard sun tara miliyoyin rubuce-rubuce daga shafukan sada zumunta na Chaina, suka sa ido su ga wanne ake gogewa. Sai suka tarar mutum zai iya caccakar jami'in gwamnati, rubutun ya kwana ya wuni ba a taɓa shi ba. Amma da zarar magana ta shafi taruwar jama'a, ko da yabon gwamnati aka yi a ciki, sai a share.

NASIR: Ko da yabo ne?

HADIZA: Ko da yabo ne. A 2017 kuma suka ƙiyasta cewa ma'aikatan gwamnati na zuba rubutu kusan miliyan 448 a shekara da sunan talakawa ne suka rubuta. Yawancinsu ma ba musu suke yi da kowa ba. Kirari ne, da yabon ƙasa, da tuna jarumai, a daidai ranar da wata magana mai zafi ta taso.

MALAM ILIYA: Kin ga wannan ya fi gogewa arha. A cika wa mutum kunne har ya gaji ya ce shi kam bai san gaskiya ba, ya koma harkar gabansa.

NASIR: Wasu ba su da wannan haƙurin, katse intanet ɗin suke yi gaba ɗaya. Masar ta yi a daren 27 ga Janairu 2011, kusan kwana biyar ƙasar a rufe. Iran ta yi kamar mako guda a Nuwamba 2019 lokacin zanga-zangar kuɗin mai, kuma cikin wannan duhun aka kashe ɗaruruwan mutane. Yankin Tigray na Habasha ya yi kusan shekara biyu. Amma wanda ba na mantawa shi ne na Sudan. Bayan an tarwatsa masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019, sojoji suka kashe intanet. Wani lauya ya kai kamfanin wayarsa kotu, ya yi nasara, sai aka mayar masa da layi. Shi kaɗai, duk faɗin ƙasar.

HADIZA: Kai! Da wa zai yi hira to?

NASIR: Shi ma bai tsaya ba, ya koma kotu a madadin sauran jama'a, aka buɗe wa kowa cikin Yuli.

MALAM ILIYA: Ta Masar kuwa ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Wanda da yana ɗaki yana bin labari a waya, da wayar ta mutu sai ya fito titi ya gani da idonsa. Yana fitowa ya tarar da dubbai irinsa. Ranar 11 ga Fabrairu Husni Mubarak ya sauka.

HADIZA: Malam, kai da ka daɗe a aikin jarida, da da yanzu wanne ya fi muni?

MALAM ILIYA: Na da aƙalla kana ganin mai tace labarin da idonka. A Birazil zamanin soja, cikin shekarun 1970, jami'i ne ke zama a gidan jarida yana soke abin da bai yi masa ba. Jaridar O Estado de S. Paulo sai ta riƙa cike gurbin da baitocin waƙa, 'yar uwarta mai fitowa da yamma tana sa darasin girki. Mai karatu ya buɗe shafin siyasa ya ga waƙa, ya san an yanke wani abu a nan. A Afirka ta Kudu lokacin dokar ta-ɓaci ta 1986, jaridu suka riƙa fitowa da layuka an shafe da baƙi, ko fili fari fat. Gwamnatin wariyar launin fata ta ga abin na tona mata asiri, sai ta haramta barin filin ma.

NASIR: Yanzu fa?

MALAM ILIYA: Yanzu ba a buƙatar zaunar da kowa a ofishinka. Dubi jaridar Apple Daily ta Hong Kong. Dokar tsaron ƙasa ta fara aiki ranar 30 ga Yuni 2020. Shekara guda bayan nan aka kama manyan editocinta, aka rufe asusun bankinta. Babu albashi, babu kuɗin takarda, ranar 24 ga Yuni 2021 ta fitar da bugu na ƙarshe. Sauran gidajen jarida kuwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Bari in nuna muku yadda abin ke faruwa. Ƙarfe sha ɗaya na dare, edita na zaune, labari na gabansa, an tabbatar da shi ta kowace fuska. Ba wanda ya buga masa waya. Sai ya tuna lasisi ya kusa ƙarewa, ya tuna tallar gwamnati ce ke biyan ma'aikata, ya tuna 'ya'yansa. Ya fara da cire sunan minista ya sa "wani jami'i". Ya sauko da labarin daga shafin farko zuwa na tara. Can ya ce wa ɗan rahoton, bari mu ƙara bincike tukuna. Binciken nan har abada ba ya ƙarewa. Yaron kuma ya koyi darasi, gobe ba zai ma kawo irin labarin ba. In ka tambayi gwamnati ta ce ita ba ta hana kowa komai ba, kuma ba za ka iya nuna takardar da ta hana ba.

NASIR: To ga gardamar tawa, Malam. Ruwanda, 1994. Gidan rediyon RTLM ya riƙa kiran sunayen mutane yana faɗin inda suka ɓuya, aka kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana ɗari. Da an rufe bakin rediyon nan da wuri, ba a ceci rayuka ba? A Myanmar ma an yi amfani da Facebook wajen hura ƙiyayya a kan 'yan Rohingya. Ba kowane baki ne ya kamata a bari a buɗe ba.

MALAM ILIYA: Ban musa ba, wanda ya ce a je a kashe wane laifi ya yi, kotu ta kama shi. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ma ta ɗaure jagororin rediyon nan. Amma ka duba su wa suka kafa RTLM. Na kusa da fadar shugaban ƙasa ne. A Myanmar sojoji na cikin masu hura wutar. Wato a misalan naka biyu, masu ikon rufe baki su ne masu bakin.

NASIR: Amma ƙasar da ke cikin yaƙi fa? Mali ta dakatar da RFI da France 24 a Maris 2022. Burkina Faso ta dakatar da RFI a ƙarshen shekarar, a Afrilu 2024 ta dakatar da BBC da Muryar Amurka na mako biyu. Nijar ta dakatar da BBC wata uku a Disamba 2024. Mutane da yawa sun tafa musu, sun ce kafafen waje ba don Allah suke yi ba, kowace da manufar ƙasarta. Kuma ni ban ga ƙarya a wannan ba.

HADIZA: Kowace kafa da inda ta karkata, wannan gaskiya ne. Sai dai ka duba dalilin da ya sa Burkina ta dakatar da BBC da Muryar Amurka. Rahoton ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch suka watsa, wanda ya zargi soja da kashe farar hula sama da 200 a ƙauyuka biyu. In ƙarya ce, a buɗe hanya 'yan jarida su je su gani mana. Kuma ba a tsaya kan baƙi ba, 'yan ƙasa masu suka an kwashe wasunsu an tura fagen daga da sunan aikin soja.

MALAM ILIYA: Kullum da baƙo ake farawa, don shi ba mai tsaya masa. Kuma kada ka ɗauka ƙarya kaɗai ake hukuntawa. Doka ta 4 ta 1984 a Nijeriya ta haɗa har da labarin da zai jawo wa gwamnati raini. Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda aka ɗaure su, a kan labarin naɗin jakadu.

NASIR: Ƙasashe masu zaɓe ma ba su tsira ba ai. Indiya ta yi shekaru a jere tana kan gaba a duniya wajen yawan katse intanet. Yankin Kashmir da ke hannunta an katse masa intanet a Agusta 2019, intanet mai sauri bai dawo ko'ina ba sai Fabrairu 2021.

HADIZA: Wannan kam ba mai kare su. Malam, ni abin da nake so ka taɓo shi ne shi mai mulkin, me yake samu a ƙarshe?

MALAM ILIYA: Makanta. Wanda ya hana a faɗa wa jama'a gaskiya, shi ma ba mai faɗa masa, don na ƙasa da shi sun ga yadda ake yi da mai kawo mugun labari. A Chaina ƙarshen shekarun 1950, jami'an ƙauye suka riƙa ƙara yawan amfanin gona a takarda don su faranta wa na sama. Gwamnati ta karɓi hatsi gwargwadon lissafin ƙaryar, manoma suka rasa na ci. Ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa jagoran ƙasar, Mao, damuwarsa a 1959, aka tuɓe shi. Waye kuma zai ƙara magana? Daga 1959 zuwa 1961 mutane miliyan gommai yunwa ta kashe. Shi ya sa Amartya Sen, masanin tattalin arzikin nan na Indiya, ya kafa hujja cewa ba a taɓa babbar yunwa ba a ƙasar da ke da zaɓe na gaske da jarida mai 'yanci.

HADIZA: Tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren, zamanin Tarayyar Sobiyet, ma haka. Tashar ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986, duniya ba ta ji ba sai ranar 28, da na'urorin wata tashar nukiliya a Suwidin suka nuna guba a iska. Ranar 1 ga Mayu aka fito da yara fareti a Kiyef kamar ba abin da ya faru. Jagoran Tarayyar Sobiyet, Gorbachev, bai yi wa ƙasa jawabi ba sai 14 ga Mayu.

NASIR: Da likitan idon nan na birnin Wuhan a Chaina.

HADIZA: Li Wenliang. Abokan karatunsa kawai ya gargaɗa a ƙarshen Disamba 2019 kan wata sabuwar cuta, wadda daga baya aka gane korona ce. Ranar 3 ga Janairu 'yan sanda suka kira shi ya sa hannu cewa ya yaɗa jita-jita. Ranar 7 ga Fabrairu cutar ta kashe shi.

MALAM ILIYA: Amma wanda ya fi nuna makantar shi ne Shugaba Ceausescu na Romaniya. An harbe masu zanga-zanga a Timisoara, kafafen gwamnati suka yi gum, jama'a suka ji a rediyon waje. Ranar 21 ga Disamba 1989 shi da kansa ya sa a tara masa mutane a Bukares, a tunaninsa tafi zai sha kamar kullum. Yana cikin jawabi sai ihu ya tashi daga baya. Hoton na nan, ya ɗaga hannu, baki a sake, ya rasa abin da ke faruwa, kuma talabijin na nunawa kai tsaye kafin a yanke. Duk ƙasar ta ga fuskar nan a lokaci ɗaya. Washegari ya gudu a jirgi mai saukar ungulu, ranar 25 aka harbe shi da matarsa.

NASIR: Labarin da daɗin ji, Malam, amma kada masu sauraro su ɗauka kullum haka take ƙarewa. Eritiriya ta rufe duk jaridu masu zaman kansu a Satumba 2001. Ɗan jarida Dawit Isaak tun lokacin aka kama shi, ba a taɓa gurfanar da shi gaban kotu ba, kuma Shugaba Isaias Afwerki ya ci gaba da mulkinsa. Koriya ta Arewa gida ɗaya ke mulki tun 1948.

MALAM ILIYA: Wannan ka yi gaskiya. Yana aiki, wani lokaci har tsawon rayuwar mutum.

NASIR: A rubuta, yau Malam ya ba ni gaskiya.

MALAM ILIYA: A kan wannan kaɗai. Ta Ruwanda tana nan, ba mu gama ba.

HADIZA: Sai ku ƙarasa bayan an kashe makirfo, lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa za mu ɗauko maganar leƙen asiri ta waya, da manhajar Pegasus, da ko VPN na kare mutum kamar yadda ake zato. Malam Iliya, Nasir, na gode. Masu sauraro, a huta lafiya.